Ƙwaryar Baƙo a Tungar Ubana

Ranar sunan ɗan 'yata Hajara ina zaune a ƙofar gida a kan buzuna, sai na ji wani daga cikin surukanmu yana gaya wa na kusa da shi cewa bai taɓa ganin mai tawali'u irina ba. Wai ga tsohon ma'aikaci wanda ya yi aiki da Turawa, an jera kujeru ya zaɓi ƙasa, kuma duk leburan da ya gifta sai ya kira shi su sa hannu tare. Na ga ku 'ya'yana kun ji daɗi, har Sani yana gyaɗa kai kamar shi aka yaba. Ni kuwa yabon bai yi mini daɗi ba. Ban tanka ba, don mutum ba ya miƙewa a taron suna ya ce an yi masa ƙarya a cikin yabo. Amma tun da hannuna yana iya riƙe alƙalami har yanzu, gara in rubuta muku yadda abin yake, kafin ku taru ranar gaisuwata ku yi ta maimaita abin da ba ku san kansa ba.

Tawali'u kalmar malamai ce, daga Larabci ta shigo mana. Limamin ƙauyenmu, wani Babarbare da kakanninsa suka taso daga bakin Chadi, yakan ce ita ce mutum ya sauke kansa ƙasa da inda jama'a suka ajiye shi, don Allah kawai, babu tsoro a ciki kuma babu neman wani abu. A bakin mutanen gari kuwa na lura da inda take faɗawa. Ana faɗinta a kan attajirin da ya ɗauki buta ya zuba wa baƙonsa ruwan wanke hannu, da malamin da aka yi wa tambaya ya ce bai sani ba sai ya duba, da ɗan hakimin da ya sauka daga doki don ya gaida tsohuwa. Yaro ba a ce yana da tawali'u, ladabi ake cewa. Wanda ke sunkuyar da kai gaban surukinsa, kunya ce. Talaka kuma da wuya a ba shi ita, don dama a ƙasa yake, daga ina zai sauko? Sannan ba wanda ke faɗinta a kan kansa sai wawa. A duk ƙauyenmu, Tudun Gaiwa, can gabas da Haɗeja inda kogi ke watsuwa cikin fadama, mutum ɗaya na sani marar babbar riga da ake ba wannan shaida, shi ne kakanku Ilu Mai Koma.

Ya cancanta, wannan ba zan yi musu ba. Babu masuncin da ya kai shi sanin ruwa. Yakan dubi launin kogi da safe ya ce yau tarwaɗa ta koma gindin ciyawa, a je a tarar haka ne. Da aka yi masa tayin sarautar ruwa ya ce a ba ɗan wan babansa, shi ne babba. In an yaba kamunsa sai ya ce ruwa ne ya bayar. In ana tafiya yana baya, in ana magana shi ne na ƙarshe. Shi ya sa shekarar da aka umarci dagaci ya kawo yaro ɗaya makarantar boko, kowa ya ɓoye nasa, wasu a rumbu wasu a gidan kakanni, dagaci bai wahalar da kansa ba. Ya miƙe gidanmu, don ya san Ilu ba zai ɗaga masa murya ba. Baba ya saurara ya ce to. Inna ta kwana uku ba ta yi masa magana ba. Ni ne na uku kuma auta a maza, ni aka ɗauka.

Dole in gaya muku yadda ake cin abinci a wurinmu, in ba haka ba sauran labarin ba zai shige ku ba. A gida Baba da ƙaninsa Baffa Jibo suke ci a zaure, mu 'ya'ya muna namu daban. Amma bayan kaka, in ruwa ya fara janyewa ya bar tafkuna cike da kifi, maza sukan tashi su koma tunga, wato 'yan bukkoki a kan wani tudu a tsakiyar fadama, su yi wata uku ko huɗu suna su suna banda. A tunga babu zaure babu cikin gida. Ƙwarya ɗaya ce babba, biskin gero da romon kifi, a kewaye ta: Baba, Baffa Jibo, yayyena Ya Sale da Ya Isa, da ni. A nan kaɗai nake jin dariyar ubana. A nan yake cire ƙaya daga tsoka ya tura gabana ba tare da ya dube ni ba. Duk shekarun da na yi a makaranta, har da na Kano inda aka koya mana aikin daji, abin da nake ƙirgawa shi ne kwanakin da suka rage in koma in durƙusa a bakin ƙwaryar nan. Akwai kuma wata ƙwarya ƙarama, fara, mai zane, da ke rataye a bukkar Baba. Ita ce ƙwaryar baƙo. Duk wanda ya zo tunga da riga a jikinsa, ko falke mai sayen banda, ko ɗan aiken dagaci, ko malami, a shimfiɗa masa tabarma a gindin giyayya, a zuba masa tsakiyar kifi, a juya masa baya ya ci a tsanake. Ni kaina na sha kai wa baƙi ita.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce ta farkon shigata kaki. Aka ɗauke ni malamin daji a En'e, wato hukumar sarki ta lokacin, aka ba ni gajeren wando da safa da takalmi sau-ciki da keke. Na kama ɗaki a wani zaure kusa da kasuwar Haɗeja. Abokan aikina kusan duk 'ya'yan sarakuna ne da na alƙalai. Ba su zage ni ba, sai dai in na shigo ofis wani yakan shaƙi iska ya tambaya ko an kawo banda ne, a yi dariya, ni ma in yi. Da azahar kowa ya tafi gidansu. Ni in sayi tuwo wurin wata tsohuwa in kai ɗaki in ci ina kallon bango. Ban damu sosai ba a lokacin, don ina ganin ina da inda zan koma.

Da yake Turancina ya fi na sauran, sai aka haɗa ni da Baturen daji, wanda muke kira Mai Lofe, in yi masa tafinta a rangadi. Abin da ya kai shi fadama maganar itace ce. An kai masa ƙara cewa masu banda suna cinye itatuwan bakin kogi, yana so ya ja musu kunne. Muka bi tunga tunga a kwalekwale, rana ta huɗu da hantsi muka iso tamu. Wakilin hakimi ya riga ya tara masunta daga tungayen kusa, mutum kamar talatin, duk suna durƙushe a kan danshi. Baba na can cikin ruwa a kan gorarsa ta su, sai da aka yi masa kira. Ya fito jiƙe, ya ajiye gora, ya zo zai zauna a baya kamar yadda ya saba, mutane suka yi ta tura shi gaba don shi suke so ya yi magana da bakinsu. Ya iso gaban Bature ya zube, ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Ni ina tsaye. Haka aka koya mini: tafinta ba ya durƙusawa, yana tsayawa taku ɗaya bayan Bature. Tsakanin bakin takalmina da gwiwar ubana bai fi kamu biyu ba.

Bature ya yi maganarsa, na juya ta da Hausa. Baba ya ɗago, ni ya duba, ya ce:

"Ranka ya daɗe, Malam, a gaya wa Bature ɗanyen itace ba ya mana banda, ɓata kifi yake. Wanda ruwa ya kashe muke ɗiba. In yana so a kai shi ya gani."

Na juya wannan ma. Muryata ba ta yi rawa ba, kuma har yau ina jin haushin ƙin rawarta. Aka kai Bature ya ga tarin busassun rassa, ya gamsu, ya dawo yana murmushi ya tambaye ni wane ne wannan dattijo mai hankali. Ban ɓoye ba. Na ce masa ubana ne. Ya cire lofe daga baki, fuskarsa ta yi ja, ya ce maza in ce ya tashi.

"Baba, ya ce ka tashi."

"A ce masa na gode. Nan ma ya isa."

Bai tashi ba har muka shiga kwalekwale. Na san abin da ya kamata in yi, kowane ɗan halak ya sani: in cire takalmi in zube kusa da shi, Bature ya yi abin da zai yi. Na yi tunanin haka a lokacin, ba daga baya ba. Ƙafata ce ta ƙi, ko kuma ni na ƙi na ɗora wa ƙafa.

Bayan sati biyu na samu hutun kwana biyu na taho tunga. Na zo da kakina a jiki. Na gaya wa kaina daga ofis na wuto ba lokacin canzawa, amma gaskiya ina so su gan shi da kyau, ba Bature a gaba. Aka yi mini maraba, aka tambayi gajiya. Da abinci ya nuna sai na ga Ya Sale ya ɗauko tabarma ya nufi gindin giyayya, Ya Isa kuma ya shiga bukkar Baba ya fito da farar ƙwarya. Ya zuba, ya ɗora tsakiyar wani ƙaton kifin bargi, ya kawo ya ajiye gabana da hannu biyu. Su kuma suka kewaye babbar, suka ba ni baya.

Ku ji irin lissafin da na yi a zuciyata, don a nan na yi wautar da ta fi ta ranar rangadi. Na ce na tsaya a kan ubana yana ƙasa, wannan shi ne sakamakona, kuma daidai ne. Na ce in na tashi yanzu na kutsa hannu inda ba a kira ni ba, isa ce irin ta ma'aikata, waɗanda ke shiga ko'ina ba sallama. Na tuna karatun liman, na ce mai tawali'u yana karɓar inda aka ajiye shi ba ya neman ƙari. Sai na ɗaga murya yadda za su ji na ce na gode, Allah ya ƙara buɗi. Na ci. A bayana ba na jin komai sai motsin hannu a ƙwarya, ba hira ba dariya. Sau uku na zo tunga a wannan shekara, sau uku aka yi haka, sau uku na yi godiya.

A zuwa na uku na samu Baba shi kaɗai da la'asar yana ɗinkin koma, ragarsa ta su, a bakin ruwa. Na cire takalmi na zauna nesa kaɗan. Sannan na yi ƙarfin hali.

"Baba, me ya sa ka durƙusa mini?"

Bai ajiye zaren ba.

"Mutum talatin suna ƙasa, Habu. In na miƙe me za a ce gobe? A ce ɗan Ilu ya shiga En'e, gwiwar Ilu ta daina lanƙwasuwa."

"To ni fa? Ni me za a ce da ni?"

"Kai aikinka ka yi. Kuma ka yi shi da kyau, na ji Baturen ya yaba."

Maganar ƙwarya ta zo mini har baki, na haɗiye ta. Na jira ko shi zai taɓo ta, sai ya miƙo mini gefen koma ya ce in riƙe masa ya ja. Na riƙe. Da ya gama ya ce an kusa magariba, hanya da nisa.

Na koma Haɗeja da fushi. Na ce ashe mutumin nan tawali'unsa yake tsaro kamar yadda wasu ke tsaron babbar riga kada ta taɓa ƙasa, ya gwammace a ce ɗansa marar kunya ne da a ce shi ya yi girman kai. Allah ya gafarta mini, har yanzu ina ganin akwai ƙwayar gaskiya a wannan zargi, ko da yake yanzu na san ni ma rigar nake tsaro. Na bi ta ƙauye na gaida Inna. Ta dube ni ta ce na rame, ko ba a sayar da abinci a birni ne. Na ce ana sayarwa. Ta ce in akwai abin da ke tsakanina da Baba in faɗa mata. Na ce babu komai. Ta yi tsaki ta ce mu dai mazan gidan nan shirunmu ne zai kashe mu, ta koma kan dakanta.

Da damina ta ƙare aka fara maganar wani rangadin fadama, kuma ni za a sake ɗauka. Na kwana biyu ina juya abin, sannan na je wurin shugabanmu, wani dattijo mai sanyin hali, na roƙi a mayar da ni wani wuri. Ya tambayi dalili. Na ce ba na son ubana ya sake sa gwiwa a ƙasa a gabana. Ya jinjina kai ya juya ga magatakarda ya ce, kai, yaron nan akwai tawali'u. Wannan ne karo na farko da aka liƙa mini kalmar, kuma na ji daɗinta, ba zan ɓoye muku ba. Guduwa nake yi, aka ba gudun suna mai kyau, na karɓa na sa a aljihu. Aka tura ni can arewa da Kaugama, ƙasar jigawa, inda ruwa sai na rijiya, in riƙa hana makiyaya sassabe gawo. Mutanen wurin suna tsorona saboda kaki. Duk ƙauyen da na sauka a kawo mini akushi a zauren dagaci, a fita a ja mini asabari. Gida kuwa sai da damina nake zuwa, lokacin da maza ke ƙauye, Baba na ci da Baffa a zaure kamar yadda aka saba, ba wanda zai ce an ware ni. Na tsara abin da wayo yadda ba zan sake ganin farar ƙwarya ba, ban lura na tsara yadda ba zan sake ganin babbar ba.

A shekara ta uku, ana tsakiyar su, ciwon ƙirji ya kama Baba a tunga. Kwana biyar ya yi. Kafin saƙo ya same ni a jigawa an yi kwana huɗu da binne shi. Na zo na zauna zaman makoki, mutane suna shigowa suna fita, kowa da kalma ɗaya a baki: Allah ya jiƙan Ilu, mutum mai tawali'u. Na ji ta har ta gundure ni. Bayan addu'ar bakwai Baffa ya ce dole su koma tunga, ruwa na janyewa kuma banda na jira. Na ce zan bi su. Na bar kaki a ɗakin Inna, na ari tsohuwar taguwar Ya Isa.

Muka isa da rana. Ya Isa ya dafa biski. Da ya sauke, na ga ya nufi bukkar Baba, hannunsa ya kai kan farar ƙwarya. Abin da na kasa faɗi shekara uku ya fito da kansa.

"Ya Isa, don girman Allah bar ta a nan."

Ya tsaya da hannu a sama. Ya Sale, wanda shi ne babbanmu yanzu, ya dube ni ya ce:

"Sai yau?"

Na ce ban gane ba.

"Ranar da ka fara zuwa hutu da kaki, Baba ne ya ce a ba ka ita. Ya ce shi ba shi da bakin da zai kira ma'aikacin hukuma ya tsoma hannu cikin hannun masu ƙarni. A yi masa abin da ake yi wa mai riga, in ji shi, ai ya san gida, zai ture ta ya taso. Muka zuba tamu muka zauna, ba wanda ya sa hannu, muna jiranka. Sai muka ji ka ce ka gode."

Baffa Jibo ya kau da kai yana kallon ruwa. Ya Sale ya ci gaba:

"Baba ya daɗe yana duban ƙwarya, sannan ya ce bismilla. Duk zuwanka uku haka muka jira. Na ukun har biskin ya huce."

"Me ya hana ku kira ni, Ya Sale?"

"Kai me ya hana ka tasowa? Taku nawa ne daga giyayyar can zuwa nan?"

Daga baya na taka na gani, taku tara ne.

Ya Isa ya bar farar ƙwarya a ratayenta, ya kawo babbar ya ajiye a tsakiya. Suka matsa suka buɗe mini wuri, na durƙusa tsakanin yayyena. Baffa ya ce bismilla. Na sa hannu na ɗebo, na kai baki, ƙamshin hayaƙin nan da na yi shekaru ina mafarki ya cika mini hanci. Sai da na kai hannu karo na biyu na lura hannuna ne kaɗai a cikin ƙwaryar. Su ukun sun ɗora nasu a gwiwa suna jira in yi nisa. Ya Isa ya sa yatsa ya juya ƙwaryar a hankali har tsakiyar kifin ta dawo gabana.

"Ci mana, Malam," in ji Ya Sale.

Na dube shi ko gatse yake yi. Ba gatse ba ne, bai ma ji abin da ya kira ni ba.